Kiɗan Ma Magana Ne: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Rubuta Kundi a Kan Kiɗa da Waƙa a Zariya

Duk shekara, da zarar ƴan aji huɗu na jami'a sun shiga neman taken kundi, sai tambayoyi iri ɗaya su yi ta zuwa mini. Wani ya tare ni a bakin laburare, wata ta kira bayan isha'i, wani kuma sai ina tsaye wurin mai gasa masara a Samaru zai ce, "Malam, minti biyu kawai." Ba ta taɓa tsayawa a minti biyu ba. Shi ya sa na tattara tambayoyin a nan tare da amsar da nakan bayar. Wasu amsoshin ra'ayina ne tsantsa. Inda maganata ta saɓa da ta malamin da ke duba aikinka, bi tasa, domin shi zai sa hannu.

Malam, ashe ana rubuta kundin digiri a kan kiɗa? A gida cewa aka yi wasa na zo yi jami'a.

Ana yi, kuma ba yau aka fara ba. Tun 1957 M. G. Smith, masanin nan ɗan Jamaika da ya yi dogon bincike a ƙasar Zazzau, ya buga maƙala a kan roƙo da matsayin maroƙa. Daga 1963 zuwa 1964 wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna a nan Zariya yana hira da makaɗa yana ɗaukar sautinsu. Daga baya shi da Anthony King, wanda ya yi nasa aikin a Katsina, suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya samu digiri na uku a Jami'ar Indiyana da ke Amurka da kundi a kan Mamman Shata, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan kansa digirin girmamawa.

Amma kada ka yi wa mutanen gida kallon waɗanda ba su waye ba. Abin da suke gudu sananne ne. A ƙasar Hausa an daɗe ana jin daɗin makaɗi ana kuma raina sana'arsa: a ba shi riga, a ba shi doki, a hana shi ƴa. Wannan kansa abin nazari ne. Idan za ka yi wa Baba bayani, kada ka fara da kalmar kiɗa. Ka ce masa akwai tarihin sarakuna da na sana'o'i wanda ba a rubuta ba, yana bakin tsofaffin makaɗa, suna ta rasuwa da shi, kai kuma an sa ka rubuto. Ba ƙarya ka yi ba.

A wane sashe ake irin wannan aiki?

Ya danganta da idon da za ka kalli abin. Ɗalibin Sashen Harsuna da Al'adun Afirka yakan fi karkata ga kalmomin waƙa. Na sashen wasan kwaikwayo yakan dubi yadda ake aiwatarwa a gaban jama'a. Na Tarihi yana neman abin da waƙa za ta shaida game da wani zamani. Sashe na musamman don koyar da kiɗa a jami'o'in Nijeriya kuwa, a Nsukka aka fara buɗe shi a farkon shekarun 1960, kuma har yau jami'o'in kudu sun fi yawan irinsa. Wannan ne ya sa a wajenmu an yi wa waƙa hidima sosai, an bar kiɗa a baya. Giɓin nan shi ne kasuwarka.

Mene ne bambancin binciken tarihi da na aiwatarwa da na ƙirƙira?

Mai binciken tarihi yana tambayar yaushe, daga ina, me ya sauya. Mai binciken aiwatarwa yana zuwa wurin da ake yin abin, ya ga wa ya tsaya a ina, wa ya fara, me ya faru da aka yi kari, wato aka ba makaɗi kyauta ana cikin wasa. Mai ƙirƙira kuma shi da kansa zai shirya waƙa ko kiɗa, sannan ya rubuta bayanin abin da ya gwada da abin da ya gano. Kundin digirin farko ba ya ɗaukar ukun gaba ɗaya. Ka kama ɗaya da ƙarfi, ka taɓa sauran da yatsa.

Na kai take, "Nazarin Waƙoƙin Shata", Malam ya dawo mini da shi. Laifin me na yi?

Laifi biyu. Na farko, ka ɗauko kogi ka ce za ka zuba a buta. Mutumin da ya yi sama da shekara 50 yana waƙa kafin ya rasu a 1999, ba a gama shi a babi biyar. Na biyu, wannan gona an nome ta an sake nomewa. Je ka duba kundayen da ke ajiye a sashenku da Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello ka ga sau nawa sunan Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya ya fito. Ba cewa nake an gama da su ba. Amma sai kana da tambayar da ba a yi ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne ɗalibi yana zaune a Zariya shekara huɗu, bai taɓa ɗaukar garin a matsayin farfajiyar bincike ba. Ga fada, da masu kakaki da algaita da tambura, da al'adar kiɗan daren Juma'a a ƙofar sarki. Ga wata tambaya mai daɗi a nan: lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Makau ya bar birni ya yi kudu, zuriyar gidansu ta kafa garin Abuja wanda yau ake kira Suleja. Ke nan fada biyu ce ta fito daga tushe ɗaya. Me masu busa na can suka riƙe wanda na nan suka saki, me kuma na nan suka ƙaro? Wannan ya ishi digiri na biyu, amma ɗan aji huɗu zai iya yankar ɓangare, misali taken busa guda biyar kacal.

Ka bar fada ka shiga kasuwa. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Ka je mahauta ka tambaya yaushe rabon da a yi musu kiɗansu, wa ya gaji makaɗinsu, me ƴaƴansa ke yi yanzu. Ga tashe a unguwannin cikin birni da Tudun Wada. Ga shantu da kiɗan ƙwarya a cikin gidaje. Ga bandirin ƴan Ƙadiriyya. Ga ƙungiyoyin zumuntar mata a majami'un Wusasa da Sabon Gari, masu waƙa da Hausa suna buga tulu. Ga badujalar soja, garin da ke da barikin horar da kurata. Ga yaran situdiyo masu haɗa waƙar biki da ta siyasa da piyano da kwamfuta. Kowanne cikin waɗannan kuɗin Keke Napep ne tsakaninka da shi.

Take mai kyau yana da mutum ko rukuni, yana da wuri, yana da iyaka. In ba za ka iya faɗa wa abokinka abin da kake nema cikin numfashi ɗaya ba, bai nuna ba tukuna.

Makaɗa ba su bar rubutu ba. A ina zan samo tarihi?

Su ba su rubuta ba, amma an rubuta a kansu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya jingina shigowar kakaki ga zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Malaman jihadi sun yi magana a kan kiɗa a rubuce-rubucensu, kuma ko sukar da suka yi shaida ce a kan abin da ake yi a lokacin, domin ba a hana abin da babu shi. Akwai rahotannin jami'an mulkin mallaka a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai Gidan Arewa, shi ma a Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan Zariya a 1939. Rediyon Kaduna kuwa tun 1962 makaɗa ke shiga suna fita. Kada kuma ka raina tsohon mai sayar da kaset a kasuwa. Wani abin da ke ƙasan teburinsa babu shi a kowane laburare.

Waƙar kanta tana ɗauke da shekarunta idan ka iya karanta ta. Makaɗi ya ambaci hakimi da sarautarsa, ka binciko shekarar da aka naɗa shi da shekarar da ya rasu ko aka ɗaga shi, ka samu iyaka biyu. Ya ambaci fam da sule, ka san kafin naira ce, wato kafin 1973, ko kuma dai bakinsa bai saki tsohon lissafi ba. Ka ga ke nan ko wannan sai an haɗa da wata shaidar.

Hattara da abu ɗaya. Yabo ba tarihi ba ne. Aikin makaɗin fada shi ne ya ɗaga ubangidansa ya danne abokin hamayya, kuma a masarautar da gidaje huɗu ke neman gadon sarauta, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, dole ka san gidan da makaɗinka ke ci kafin ka ɗauki maganarsa. Haka nan in dattijo ya ce maka tamburan nan tun zamanin Sarauniya Amina suke, ka rubuta cewa shi ya faɗa, da ranar da ya faɗa. Kada ka mayar da ita maganarka.

Na rubuce baitocin waƙa goma, na fitar da jigo da salo. Bai isa ba?

Ga kundin adabi yana iya isa, kuma malamanmu sun shimfiɗa hanya mai kyau: Abdulƙadir Ɗangambo ga rubutacciyar waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau ga waƙar baka, da turke, wato babban saƙon waƙa, da tubalansa, da gindin waƙa, wato layin da ake ta komawa gare shi, da ɗiyanta, wato baitocinta. Amma in ka ce kiɗa kake nazari, to ka yanka rago ka kawo mana fata.

Ga abin da nake nufi. Ka saurari Shata da kunnen mai bincike. Ƴan amshinsa gindin waƙa suke maimaitawa, shi kuma yana ta zuba ɗiya yadda ya ga dama, kalangai na riƙe masa ƙasa. Ka juya ga makaɗan kotso, wata ganga ta makaɗan fada, irin Narambaɗa da Ɗanƙwairo. A nan jagora yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, ƴan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi doguwar tafiya ba tare da shi ba. Wato waƙar an shirya ta an haddace tun a gida. Sai Ɗanmaraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa na gwangwani mai tsirkiya ɗaya, inda kuntigin ne ke amsa masa. Hanya uku ke nan ta gina waƙa, kowacce da dalilinta. Idan ka zuba baitocinsu a takarda ba ka nuna wa ya faɗi wane layi ba, duk ukun sun zama abu ɗaya, ka shafe babban bambancin da ke tsakaninsu da hannunka.

Sannan kayan kiɗan kansu magana suke yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, murya na hawa tana sauka a kan kowace gaɓa. Mai kalangu yana matse igiyoyin da hammatarsa fatar ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, da haka yake faɗin taken mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Ɗan dambe yana can gefe zai ji an kira shi, tsikar jikinsa ta tashi. Kakaki hawa da saukar sautinsa kaɗan ne ƙwarai, amma bafade ya san abin da yake cewa. Ɗalibin da ya rubuta "sai aka yi kiɗa" a wannan wuri ya tsallake rabin zancen.

Gwajin da nakan ba ɗalibai shi ne wannan. Nemo waƙa ɗaya da makaɗi ya yi a wuri biyu, ɗaya a gidan rediyo, ɗaya a gidan biki. Ka zauna da agogo. A daƙiƙa ta nawa murya ta shigo? Sau nawa aka koma gindi? Ina kiɗa ya ƙara sauri, kuma me ya faru a fili a daidai lokacin? Sau da yawa za ka tarar wani mai kyauta ne ya shigo, ko sanƙira, wato maroƙin ƙungiyar, ya jefa wa jagora suna. Sunayen wa aka ƙara, na wa aka cire? Shafi huɗu na irin wannan kwatanci sun fi mini shafi arba'in na "mawaƙin ya yi amfani da salon kamance".

Ban iya rubutun kiɗa irin na Turawa ba. In haƙura?

A'a. Layukan nan biyar da ɗige-ɗige an yi su ne don kiɗan Turai, kuma ko wanda ya ƙware da su yakan sha wuya da goge, domin goge yana zamewa tsakanin sauti da sauti, wurin da takardar ba ta da gurbi. Ga bugun ganga akwai hanya mai sauƙi: ka zana jerin akwatuna, a ce 12, kowane akwati bugun lokaci ɗaya, ka sa alama inda gula, wato makaɗin ganga, ta sauka ka bar inda ba ta sauka ba. Kowace ganga da layinta, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Nan take za ka ga yadda ƙaramar ganga ke riƙe lokaci babba na yawo a kanta.

Akwai manhajoji na kyauta. Audacity yana rage saurin sauti ba tare da ya sauya muryar ba. Praat yana zana maka hawa da saukar murya, sai ka kwatanta layin da aka rera da yadda ake faɗinsa a magana. MuseScore na rubutun kiɗa ne ga wanda ya koya. In kuma kana son wanda zai kama maka hannu, masu koyar da mawaƙan coci sun san do-re-mi kamar sunansu. Ka yi aboki a cikinsu, ka sa sunansa a shafin godiya.

Yaya zan tunkari makaɗi? Na je sau biyu yana cewa in dawo.

Da me ka je? In da takardar tambayoyi mai "eh" da "a'a" ka je, ka gode Allah da bai kore ka ba. Ba a shiga gidan mutum ta taga. Nemi wanda zai yi maka iso: mai unguwa, ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. In makaɗin fada ne, akwai shugabanni masu sarautar kiɗa da busa, ta wurinsu ake bi, kuma takardar gabatarwa daga sashenku tana da amfani a nan. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi da sarautarsa in yana da ita, in babu ka ce Baba. Zuwan farko gaisuwa ce kawai da goro. Rikoda ta zauna a aljihu.

"Ka dawo" ba kora ba ce, awo ne. Yana so ya ga ko kai ma irin waɗanda suka zo suka ɗauka suka ɓace ne. Ka koma. Ka bi shi wurin biki, ka riƙe masa jaka in ta kama. Tambayoyin da suka fi buɗe baki ba su ne "mene ne tarihin kiɗanka" ba. Ka ce, "Baba, wa ya fara ɗora maka hannu a kan gangar nan?" Ka ce, "Wace fata ce wannan, me ya sa ba ta akuya ba?" Ka tambayi abin da ake ba shi da, da abin da ake ba shi yanzu.

Batun kuɗi kuwa, kada ka yi fuska. Bakinsa da hannunsa su ne gonarsa, ka kuma cinye masa yini. Ka sa abin hasafi cikin lissafin kuɗin kundi tun farko, daidai ƙarfinka, ka faɗa masa gaskiya cewa kai ɗalibi ne. Kuma kada ka tsaya kan jagora kaɗai. Ƴan amshi da masu riƙe ƙananan ganguna sun san yadda ake ɗinka waƙa, galibi kuma ba wanda ya taɓa tambayar ko sunansu.

Ni mace ce, Malam. Anya zan iya wannan yawon?

Ke ce ma kike da ƙofar da mu ba mu da ita. Namiji ba ya shiga tsakar gida ya zauna ana kiɗan ƙwarya ranar suna, ba ya jin waƙar daka da ta raino da ta kamun amarya yadda ake yinsu in babu baƙon ido. Yawancin abin da aka rubuta kan kiɗan Hausa maza ne suka rubuta a kan maza. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna har an yi nazarinta, amma a bayanta akwai mata masu amada da zabiyoyi da ba a taɓa rubuta sunansu ba. Ki fara da kakarki da ƙawayenta. Ki nemi izinin maigida inda al'ada ta buƙaci haka, kuma in sun ce murya kawai ban da hoto, to murya kawai. In aikin ya kai ki filin dambe ko wasan dare, ki tafi da ɗan'uwa.

Waya ta isa ɗaukar sauti, ko sai na sayi rikoda?

Waya ta isa in ka san halinta. Ka rufe layin kira kafin ka fara, kada a katse maka waƙa a tsakiya. Algaita da kakaki suna da ƙarfin da ke cika makirfo har sauti ya fashe, don haka ka ja baya, ka matsa kusa da mai waƙa. Ka ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, in wayarka na yi. Yana cin wajen megabait 10 a minti ɗaya, wato awa ɗaya kusan 600, sai ka share wuri tun a gida. Lokacin hunturu iska na busa makirfo, safa mai tsabta in ka rufa tana ragewa. Ka guji zama kusa da janareta.

Kafin kowane ɗauka ka faɗi kwanan wata da wuri da sunayen masu yi da kayan da kowa ke riƙe da bakinka, ya shiga cikin sautin. Bayan wata shida ba za ka tuna ba. Kada ka jira sai an fara waƙa sannan ka kunna: gasa fata da ɗaure tsirkiya da gardamar da suke yi kan wace waƙa za a fara, duk bayani ne. Ka ajiye kwafi uku a wuri uku. Turawa ta WhatsApp ba ajiya ba ce, yana matse sauti. Na san ɗalibin da hirar wata uku ta tafi tare da wayarsa a cikin motar haya, dattijon da ya yi hirar da shi kuma bai kai baɗi ba.

In na zo rubutawa, in gyara Hausar makaɗi?

Kul. In Basakkwace ya ce "munka" ko "yaz zo", haka za ka rubuta. In Bazazzagi ya ce "rigan" inda Bakano zai ce "rigar", ka bar masa abinsa. Daidaitacciyar Hausa ta bayaninka ce, ba ta bakinsa ba. Sau da yawa ma gyaran yana karya awon layin, domin ka ƙara gaɓa ko ka rage. Inda ba ka ji ba, ka sa ɗigo uku ka koma wurinsa ko wurin yaransa. Kada ka cike da abin da kake zato.

Zambo da habaici sai an yi hankali. Wanda aka yi wa yana da jikoki a gari. In makaɗi bai kama suna ba, kai ma kada ka kama, ko da an raɗa maka.

Ni waƙa nake so in shirya da kaina. Ta yaya wannan zai zama bincike?

Zai zama in akwai tambayar da waƙar ke amsawa. "Na yi waƙa mai daɗi" ba tambaya ba ce. Amma "shin za a iya ɗora zubin karɓa-karɓa na makaɗan kotso a kan kiɗan situdiyo ba tare da ya mutu ba?" tambaya ce. Haka "me zai faru in gurmi ya ja gaba, piyano ya bi shi?" Akin Euba, masanin kiɗa ɗan Nijeriya, ya daɗe da gwada sa piyano ya yi aikin ganga, don haka ba kai ne farkon mai irin wannan karambani ba.

Babban abin da zai kama ka shi ne karin sauti. Ɗauki kalmar kuka. In gaɓoɓin biyu duk suna sama, hawaye ne. In ta farko na sama ta biyu ta sauka, bishiya ce mai ba da miya. Ka ɗora ta a kan karin da ya juya mata hawa da sauka, sai mai sauraro ya ji wani abu daban, ko ya ji dai Hausar ta yi masa baƙo a kunne. Haka tsawon gaɓa: ka ja gajera ka taƙaita doguwa, layin ya yi ɗingishi. Tsofaffin makaɗa ba su karanta wannan a aji ba, amma da wuya ka kama su. Dalhatu Muhammad, masanin adabin Hausa na nan Zariya, ya nuna cewa har amsa-amo na karin sauti akwai a waƙar Hausa. Yawancin waƙoƙin da ake aro karinsu daga fina-finan Indiya a nan suke tuntuɓe, kuma wannan ma take ne ga mai so.

Ka riƙe littafin aiki, kullum ka rubuta abin da ka gwada da abin da ka zubar da dalili. Ka ajiye kowane zubi, har wanda ka ji kunyarsa. Ka kai wa tsohon makaɗi ya ji, ka rubuta abin da ya ce ko da ya yi maka dariya. Wannan littafin shi ne babinka na huɗu.

Zuciyata ba ta kwanta ba ta fuskar addini.

Malamai sun yi saɓani kan kiɗa tun da daɗewa, kuma kundinka ba wurin fatawa ba ne. Ka tambayi malamin da ka amince da shi. In har ba ka natsu ba, fagen na da faɗi: akwai bege da waƙoƙin wa'azi da ake rerawa ba kayan kiɗa. Zariya ce garin Aliyu Namangi mai Imfiraji, ita ce kuma ta Sarki Aliyu Ɗansidi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja. An yi nazarin kalmominsu da yawa. Muryoyin da ake rera su da su kuwa, da yadda suke bambanta daga bakin almajiri zuwa na makaho zuwa na matan gida, suna nan suna jiran mai kunne.

Zan iya sa abin da na ɗauka a YouTube?

Sai da izinin masu shi. Izinin da suka ba ka na karatu ne, ba na kasuwa ba. Nijeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta kare mai aiwatarwa, ba mawallafi kaɗai ba. Tun kafin doka ma akwai kunya. Ka nemi izinin da baki a cikin rikodin, ka faɗa musu inda abin zai je. In ka gama, ka mayar musu da kwafi a memori, da hoton da ka ɗauka a wanke. Abin da ke buɗe wa ɗalibin baɗi ƙofa ke nan.

Yaushe ya kamata in fara?

Kiɗa ba ya bin kalandar jami'a. Tashe daga goma ga azumi yake farawa, in ya wuce sai wata shekara. Tambura da hawan salla sau biyu ne a shekara. Bukukuwan aure sukan yi yawa gab da azumi. Gangar noma sai da damina, dambe da kalankuwa sun fi armashi da kaka. Watannin Musulunci kuma suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka ka ɗauki kalanda biyu ka haɗa tun kana aji uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. In an tafi dogon hutu ko yajin aiki, wasu na kwana, kai ka ɗauki wayarka ka shiga gari.

Ranar kare kundi fa, me zan tarar?

Za a tambaye ka abin da ka gano wanda ba a sani ba, sai ka amsa da jimla biyu, ba tarihin rayuwar makaɗi ba. Za a tambaye ka sau nawa ka je, da wa ka yi magana, don haka jerin hirarrakinka da kwanakinsu su kasance a rataye. Wani malami zai buɗe shafi ya nuna layi ya ce, "Wa ya faɗi wannan, jagora ko amshi?" Wani zai ce ka bambanta masa kotso da taushi, ko goge da kukuma, kuma abin kunya ne a ce ka yi shekara kana rubutu a kan abin da ba za ka gane shi a hoto ba.

Ka nemi izini tun da wuri a ba ka minti biyu ka kunna sauti. Zaɓi wurin da ka fi yin bayani a kansa, ka yanko shi daban don kada ka tsaya lalube a gaban malamai, ka raba musu takardar akwatunanka su bi da ido. Ka zo da ƴar sifika mai batir, ka cika mata caji tun daren, ka kuma gwada ta a ɗakin kafin su shigo.